Sunan da Na Faɗa da Bakina

Biron Bik na hannuna, takarda na gabana, matar meri, ofishin rajistar haihuwa, ta tallabe haɓa tana jirana, sai waya ta kama rawa cikin aljihu. Ban duba ba na san ko waye. Ranar Alhamis ce, kwananka biyar a duniya, ƙarfe huɗu da rabi ta gota. A Faransa kwana biyar suke ba mutum ya zo ya rubuta sunan jariri, ba ruwansu da cewa mu sai ranar bakwai ake raɗa suna. Na cika komai, sunana, sunan mamanka, lokacin da aka haife ka, inda muke zaune a Paris. Layi ɗaya ya rage fari, kuma na fi minti ashirin ina kallonsa.

"Monsieur, ƙarfe biyar muke rufewa," in ji matar.

Na ɗaga mata hannu, na ɗauki wayar. Alhaji ne, babana, daga Lyon.

"Habu, kana merin?"

"Ina ciki, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya mai jego? Ya baƙon namu?"

"Suna lafiya."

"Madalla. To ka rubuta sunan Malam. Kada ka gaya wa kowa sai jibi, ko uwarka."

Malam shi ne mahaifinsa. Sunansa Ibrahim, amma tunda nake ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin Alhaji ba. Ko a ofis aka tambaye shi, rubutawa yake yi ya miƙa.

"Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya kashe. Na ajiye wayar bisa tebur, na rubuta. Na fara da Gwilym, na sa Ibrahim a bayansa. Matar ta juya takardar, ta karanta, ta sake karantawa, ta ce sunan wace ƙasa ne wannan. Na ce na Wales. Ta dube ni, baƙin saurayi da rigar aikin kasuwar nama. Ta buga hatimi.

Gwilym, kai nake rubuta wa wannan. Shekararka bakwai yanzu, kuma ran nan a tasha ka tambaye ni me ya sa a lekol, makarantarku, kai Gwilym ne, wurin kakarka Hajiya kai Abba ne, Alhaji kuma wani abu dabam yake ce maka. Na ce maka dogon labari ne, na saya maka alawa ka manta. Ni ban manta ba. Da Hausa nake rubutawa da gangan, in kana son ka sani sai ka koya. Kuma ka yi haƙuri da rubutun, ubanka yana da shekara sha shida ya bar lekol. Na yi garaji wata takwas, na yi fenti, na yi raba kaya da babur, na yi gadi kwana goma sha ɗaya. Da wuri ya fara sabo da ni sai in ji ƙafata na ƙaiƙayi. Daga ƙarshe na bar Lyon gaba ɗaya na taho Paris, na samu aikin ɗaukar nama a Rungis, babbar kasuwar nan da ke ciyar da gari. Can ma da na bari, in ba don wani gidan abinci da nake kai wa raguna ba, inda wata mai dafuwa ke masifa kullum wai na makara. Mamanka ke nan, Catrin.

Babanta sau ɗaya na gan shi, kwana biyar. Kafin aure ta ce sai mun je wurinsa can Wales. Gida ne na dutse a gindin tudu, ruwan sama ba ya ɗaukewa, tumaki ko'ina kamar an watsa auduga. Dogon tsoho ne, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ba ya jin Faransanci, ni kuma Turancina bai wuce gaisuwa ba, shi da ƴarsa ma ba Turancin suke yi ba, yarensu suke yi. Na shirya amsar tambayoyi iri-iri a hanya. Bai tambaye ni komai ba. Takalman roba ya miƙo mini ya yi gaba, na bi shi garke. Ya kamo wani ɗan rago ya tsayar a gabana yana kallona. Ni rago a rataye na sani, ba mai numfashi ba, amma na ɗora hannu a gadon bayansa, na matsa, na nuna masa da yatsu kilo nawa na nama zai bayar. Tsohon ya matsa shi ma. Sai ya kwashe da dariya, ya dakar mini kafaɗa har na kusa faɗawa taɓo. Shi ke nan, an ba ni mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa kwana na biyu ne. La'asar ta same mu nesa da gida, na shimfiɗa rigata a rumfar ciyawa na tayar da salla. Karensa ya taho da gudu zai shinshine ni. Ina ganinsa ta gefen ido, tsohon ya kama karen ta wuya, ya durƙusa cikin ruwan nan ya riƙe shi har na sallame. Ba wanda ya gaya masa. Kullum haka ya yi har muka tafi.

Bai ga sanyi na gaba ya ƙare ba. A gona aka same shi, ciwon zuciya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, mamanka ita kaɗai suka haifa. Aka sayar da gona, aka sayar da tumaki, ta dawo Paris da hularsa da sandarsa. Lokacin da cikinka ya kai wata biyar, ranar da likita ta ce namiji ne, muna zaune bisa benci muna jiran metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ta ce, ba ta ma kalle ni ba:

"Ka san shekara biyu ke nan ban ji wani ya faɗi sunan babana ba? Duk garin nan ba wanda ya san an yi shi."

"Za ki ji," na ce. "Kullum za ki ji, har ki gaji. Gwilym, sauko daga nan. Gwilym, ina ɗayan takalmin."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta kama hannuna ta matse.

"Habu, kada ka yi mini alkawarin da ba naka ba ne. Ka yi magana da babanka tukuna."

"Zan yi."

Wata huɗu ina cewa zan yi. Sau uku na je Lyon da maganar a bakina, na ci tuwon Hajiya, na dawo da ita. Don na san abin da ke ran Alhaji. Yana saurayi ya bar Damagaram, ya yi shekara talatin da wani abu a luzin, wato masana'anta, a Saint-Fons yana shaƙar warin da har yau yake tari da shi. Da Malam ya rasu, sai bayan an rufe shi labari ya iso. Yayyena mata biyu duk sun haifi maza, amma dangin mazansu suka sa suna. Ni kaɗai ne ɗa namiji. Tun ranar da ya ji Catrin na da ciki ya sayi sabuwar babbar riga ya rataye. Aurenmu ma bai so ba da farko, ya haƙura ya ɗaura. Ni kuma halina ke nan a lokacin, in abu ya yi nauyi sai in bi ta gefensa. Sai da matar meri ta tallabe haɓa gefen ya ƙare.

Washegari Juma'a na bar ku kai da mamanka da wata ƙawarta, na hau jirgin ƙasa. A gidan Alhaji za a yi sunan, tunda can jama'arsa suke, kai kuma ka yi ƙanƙanta da tafiya. Awa biyu ce tsakanin Paris da Lyon, takardar na aljihun ƙirjina, ina taɓa ta kamar za ta gudu. Na yanke tun a hanya: ba ta waya ba, ba ta bakin Hajiya ba, hannu da hannu zan ba shi. Na sauka Guillotière, unguwar su Alhaji, bayan an sauko masallaci. Tun daga matakala nake jin ƙamshin mai, mata na suyar cincin da fanke. Alhaji na ɗakinsa, ya baje goro da dabino bisa tabarma yana ƙullawa a ƴan leda. Na durƙusa, muka gaisa har ƙarshe, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na miƙa masa.

Ya sa gilashi. Da yatsa yake karatu. Yatsan ya zo layin ya tsaya.

"Wannan na farkon fa? Sunan magani ne?"

"Sunan baban Catrin ne, Baba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Jiya da na kira ka, ka riga ka rubuta?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa. In na ce e, kuskure ne, ya wuce. Ina jin Habun da na saba yana cewa ka shige mana.

"A'a. Bayan ka kashe na rubuta."

"To." Ya cire gilashin. "Ka bar lekol, na yi shiru. Ka bar garajin da na je da ƙafata na roƙar maka, na yi shiru. Ka kawo mata daga inda ban san da zamansa ba, na tara mutane na ɗaura. Abu ɗaya na tambaye ka, Habu. Ka ɗauki ubana ka sa shi kujerar baya."

"Yana nan, Baba. Duka biyun nasa ne."

"Ina da ido."

"Mutumin ba shi da ɗa namiji. Ba shi da kowa sai ita."

"Ni ina da shi?"

Wannan ta shige ni. Na sunkuyar da kai ina kallon goro.

"Ana iya gyarawa?" ya ce.

"Ana iya. Amma ba zan gyara ba. Na yi mata alkawari."

Ya ninke takardar daidai yadda take, ya miƙo mini, ya ci gaba da ƙulla goronsa.

"Takardar Faransa ta Faransa ce. Gobe sunan Malam za a faɗa. Ja mini ƙofar."

A kicin, yayata Rakiya ta riga ta ji komai, don bangon gidan nan kwali ne. Ta nuna ni da matsami.

"Kai wallahi wawa ne. Idris fa? Su ma suna da Idris, na duba a waya tun tana wata uku. Da ka sa Idris kowa ya yi barci."

"Yaya, sunan babanta ba Idris ba ne."

"Ji shi! Yau ka zama mai gaskiya? Kai da ka sayar da kekena ka ce sace shi aka yi?"

"Ku yi mini shiru, mai na ƙonewa," in ji Hajiya. Ta kwashe fanke, ta juyo. "Duk wannan hayaniyar ta me? Yaro ya ci sunan kakanni biyu. Wa zai buɗe baki ya kira shi da ɗaya? Alhaji zai faɗi sunan ubansa? Kai za ka faɗi na surukinka? Ga shi ɗan fari. Abba ne. Kowa ya ce Abba, rigima ta ƙare."

Gaskiya zan gaya maka, daɗi na ji. Haka ake yi a wurinmu, wanda ya ci sunan babba ba a kiran sunan, girmamawa ce. Na ga hanya ta gefe ta sake buɗewa, na ce Hajiya ta fi mu duka hankali. Na fita baranda na kira mamanka na ce komai ya daidaita. Ta ce gobe za su faɗa? Na ce Rakiya za ta riƙe miki waya, za ki gani da idonki. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Asabar da safe aka ture kujerun falo, aka shimfiɗa darduma har bakin ƙofa. Tsofaffin luzin suka cika gidan, na Nijar, na Cadi, na Kamaru, kowa da hula da rigar sanyi bisa babbar riga. Alhaji ya sa sabuwar nan. Ya zauna kusa da liman, ya rubuta a ƴar takarda ya miƙa masa. Liman ya yi addu'a, ya ce sunan yaro Ibrahim, aka shafa Fatiha. Can Damagaram an yanka raguna, wani ɗan'uwa ya turo hoto, waya na yawo hannu zuwa hannu ana yaba kitse. Mu nan ba mu da maroƙi, Malam Buba ne ke yi mana, wani abokin Alhaji ɗan Garwa mai bakin tsiya. Ya ɗaga murya:

"Malam ya dawo! Abba ya sauka! Alhaji, yau ka ga ubanka, sai ka riƙa durƙusa wa Habu in za ka ɗauke shi!"

Aka yi dariya. Na dubi Alhaji, idonsa ya yi ja, yana murmushi yana gyaɗa kai. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Sai na juya wajen ƙofar kicin. Rakiya na tsaye ta ɗaga waya bisa kan mutane. A cikin ɗan gilashin nan ga mamanka zaune bakin gado, ta yafa gyalen da Hajiya ta ba ta, kana kwance a kafaɗarta. Hular tsohon na rataye a bango bayanta. Hausarta a lokacin ba ta wuce sannu da na gode ba. Duk addu'ar nan, duk dariyar nan, kalma ɗaya take saurare. An gama, an fara raba goro, wasu har sun fara neman takalma, ita kuwa ta karkata kai tana jira, tana murmushi, ta ɗauka ba a zo wurin ba.

Nan na gane abin da na yarda da shi jiya. Alhaji ya ji nasa, a bakin liman, gaban jama'a. Ita ba za ta ji ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Abba zai haɗiye sunan gaba ɗaya, kuma duk don mutunci, ba wanda ya yi mata mugunta. Ni kaina da na ce za ta ji har ta gaji, in na bi yadda ake yi, har in mutu ba zan faɗa ba. Sunan zai zauna a takardar meri kamar yadda ya zauna bisa dutsen kabari.

Ƙafata ta yi ƙaiƙayin nan nata. Ƙofa na kusa. Na miƙe, amma ban nufi ƙofa ba.

"Salamu alaikum. Iyayena, ku yi haƙuri, da saura."

Aka amsa. Rakiya ta zaro ido tana girgiza mini kai.

"Yaron nan suna biyu gare shi. Kun ji ɗaya. Ɗayan Gwilym ne."

"Gwi wa?" in ji Malam Buba.

"Gwilym."

"Kai, Habu! Ɗan fari ne fa! Da bakinka? Ina kunya?"

"Kuma sunan surukina ne, Malam."

"Innalillahi! Biyu a haɗe! Alhaji, wannan yaron a Lyon aka haife shi ko a kasuwa?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ci gaba. Na ce makiyayi ne, ya rasu, bai bar ɗa namiji ba. Na ce ya karɓe ni bai tambayi ko ni ɗan waye ba. Na ba su labarin karen. Na ce na san ba a yin haka, na san ba a faɗa, amma uwar yaron tana kallo, kuma a wurinsu faɗin sunan shi ne girmamawar. Sannan na juya na fuskanci wayar, na sake faɗa, a hankali, yadda ta koya mini.

Mamanka ta rufe baki da gyalen. Kafaɗarta na rawa har ka farka ka tsala kuka, falo duka aka ji ka. Liman, Allah ya saka masa, ya yi gyaran murya ya ce to, ga shi ya amsa, Allah ya raya. Ƴan kaɗan suka ce amin. Malam Buba na ta gwadawa ƙasa-ƙasa, Gwilim, Gwilim, ya ce ai ba wuya, kamar gwanda.

Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ratsa mutane, ya sa takalmi. Muna jin takunsa bisa matakala, hawa uku, har ƙofar waje ta rufe. Ya bar baƙinsa a falonsa ranar sunan jikansa, da sabuwar riga a jikinsa. Ba wanda ya kalli wani. Aka ɗauki goro aka watse da wuri, abincin da mata suka kwana biyu suna yi ko rabi ba a ci ba.

Hajiya ta ja ni kicin. Na ɗauka za ta zage ni. Cincin ta ɗura mini a leda, da yajin jego, da wani zane.

"Ka tafi kafin ya dawo. Ba don ka yi daidai ba. Ka bar shi ya huce."

"Inna, da na yi shiru..."

"Da ka yi magana tun wata huɗu, a ɗaki, kai da shi. Wannan ne laifinka, ba sunan ba. Gaban abokansa, Habu? Jeka. Ka ce wa mai jego ta riƙa shan ruwan zafi."

Ta yi gaskiya, kuma har yau ina faɗa. Sunan ban taɓa nadamarsa ba ko sau ɗaya. Wurin da na faɗe shi ne, da lokacin, tsorona ya jawo. Kada ka gaji wannan daga wurina.

A jirgin komawa na kasa zama. Na je tsakanin taragu inda ake ajiye akwatuna, na danna waya na yi wa Alhaji saƙon murya, don shi ba ya karanta rubutun waya. Na ga alamar ya saurara. Bai amsa ba. Wata uku bai kira ni ba, in na kira Hajiya ce ke ɗauka ta ce ya fita, ina jin tarinsa a baya. Ni kuwa a gida na cika alkawari, har mamanka ta fara cewa ya isa, yaro na barci. Ban bar Rungis ba, ban bar komai ba tun daga lokacin, shekara bakwai ke nan wuri ɗaya, Rakiya na cewa a duba ni ko ba ni da lafiya. Sai wata Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ina Maitumaki? Yana shan nono?"

Shi ke nan sunan da kake ji a bakinsa. Bai taɓa cewa Gwilym ba, ba kuma zai ce ba. Amma ka lura, bai ce Abba ba. Bahaushe ba ya ɓoye sunan wanda bai ɗauka da girma ba, kuma tumakin nan ba na Malam ba ne, Malam ɗinki yake yi. Tsakanina da shi akwai abin da bai dawo ba, ba zan ɓoye maka ba. Dā ni yake kira in zaɓa masa ragon Salla, yanzu mijin Rakiya yake kira, wanda bai san rago daga akuya ba. Saƙon kuma bai taɓa tayar da maganarsa ba, ni ma haka. Yana nan cikin wayata, da ƙarar jirgi a bayansa. Na saurara na kwafe maka shi yadda yake.

"Baba, Habu ne. Ina cikin jirgi. Na kunyata ka gaban mutanenka, na sani, ka yafe mini. Tun wata huɗu ya kamata in zo in zauna gabanka, tsoro ya hana ni. Wannan laifina ne, ba na Catrin ba, ita ta ce in gaya maka. Amma sunan ba zan cire ba, kuma ba zan daina faɗa ba. Mutumin nan ya durƙusa cikin ruwa ya riƙe mini kare na yi salla, bai ma san me nake karantawa ba. Duk abin da ya bari a duniya hula ne da sanda da ƴa ɗaya, kuma ƴar tana gidana. Ka ce ban taɓa gama komai ba. Gaskiya ne. Wannan zan gama. Sunan Malam ma yana kansa, ba na wasa ba ne, ina son in gaya masa ko waye Malam, amma ni kaina ban sani ba, Baba, ba ka taɓa ba ni labarinsa ba. Kai kaɗai ka sani. To yaron yana nan. Kunnuwanka ya ɗauko, manya-manya, duk asibiti sai da aka yi magana. Ka zo ka gani da idonka."